Ƙwaya Ɗari a Kan Jiƙaƙƙen Buhu

Kafin rana ta yi zafi malamin gonarmu ya riga ya buɗe ofis. Ɗaki ɗaya ne da sito a bayansa, sai tebur da bulo ya tallafe wa ƙafa guda. Ba teburin yake fara nufa ba. Bayan ƙofa yake zuwa ya tsuguna, ya ɗaga bakin wani jiƙaƙƙen buhu, ya ƙura wa abin da ke ciki ido kamar mai duba jariri. Ƙwayoyin iri ne, layi goma, kowane layi ƙwaya goma. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk irin da ya shigo sitonsa sai ya ɗebi ɗari ya jera su haka, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma, ranar kwana bakwai ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Shi ya sa sunansa ya ɓace. Malam Ɗari kowa ke kiransa, har matarsa in ya ɓata mata rai.

Wata mai zuwa zai ajiye aiki. Na duba jerin waɗanda za a karrama a taron bunƙasa noman yankinmu, babu shi. To tunda lasifika ta tsallake shi, ni zan faɗa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce aka fito da sabon tsari: kowane gida za a ba shi ingantaccen irin masara kyauta. Tun rani aka yi shela, mutane suka saki jiki. Masarar da suka ware don shuka, wasu suka kai kasuwa, wasu ta shiga tukunya. Motar irin ta iso hadari ya fara haɗuwa, aka sa ranar rabo. Malam ya yi abin da ya saba. Da ya ƙirga, ashirin da takwas ne suka tsiro. Daga wasu buhuna biyu kuma, ɗaya talatin, ɗaya ashirin da biyar. Irin ya sha zafi a wani sito kafin ya zo, ya mutu a cikin buhunsa mai kyalli.

Ranar rabo aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Malam ya ja ogansa gefe ya nuna masa buhunan gwajin. Ogan ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce ga hatimi a jikin kowane buhu, ga takardar shaida, ga baƙi suna jira, ya sa hannu a wuce wurin.

"Yallaɓai, na ga takardar," in ji Malam. "Amma ba takarda za su shuka ba."

Ogan ya karɓe makullin sito ya sa aka fara rabo. Malam ya tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen buhunsa a hannu, duk wanda ya fito da kaya a kai sai ya nuna masa, ya roƙe shi kada ya dogara da wannan iri. Bai sha godiya ba. Wani ya ce so yake a bar masa ya sayar. Kawuna, wanda bakinsa bai taɓa jiran kansa ba, ya ce, "Malam Ɗari, mu buhu aka ba mu, kai kana nan kana wasan dara da ƙwaya."

Washegari ya hau babur ɗin ofis. Ya san abin da masu tsarin ba su sani ba: tsofaffin mata ba sa rabuwa da iri don an yi shela. Ƙauye ƙauye ya bi su, yana durƙusawa a ƙofar ɗaki. Wata tsohuwa ta rantse ba ta da ko ƙwaya, sai da ya gama yi mata bayani ta ce ya juya baya, ta jawo tulu daga ƙarƙashin gado, cike da masara an gauraya da toka. Ta ce tun tana amarya ba ta yarda da irin da bai kwana a ɗakinta ba. Haka ya tara, ya gwada, ya raba kwano kwano. Innata ta samu kwano biyu. Ta yi shuka a makare, maƙwabta suna mata dariya.

Bayan sati uku dariyar ta koma gonar kawu. Nan tsiro, can tsiro, kamar kan mai sanƙo. Da sassafe ya zo wurin innata yana kame-kame, wai ko akwai ragowar abin nan na mutumin nan. Masarar shekarar ce ta riƙe gidanmu, ita ce ta sa ba a cire ni daga makaranta ba.

Sakamakon Malam kuwa takardar tuhuma ce, wai ya kunyata hukuma gaban baƙi. Aka karɓe babur. Shekara huɗu yana zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya a kan keke, gwiwarsa ta hagu har yau ba ta yafe masa ba. Waɗanda ya koya wa aiki suka zama manyansa. Matarsa ta gaya mini ko sau ɗaya bai kawo ƙorafin gida ba, sai dai ya nemi ruwan zafi ya gasa ƙafa.

Malam, kai ne ka tsaya a ƙofar sito kai kaɗai, na sama suna hararar ka, na ƙasa suna zagin ka. Kai ne ka ɗauki tsohuwa mai tulu a matsayin masaniya tun kafin mu masu digiri mu koyi rubuta haka a takarda. Mai haƙurin kwana bakwai, sannu da aiki.

Na zauna a tarukan tsara makomar noma, na ji ana lissafa taki, tarakta, hanya, madatsar ruwa. Duk muna so. Amma da na miƙe na ce a rubuta cewa ba za a raba iri ba sai an gwada shi a gaban manoma, kuma kowane ƙauye ya sami rumbun irinsa a hannun matan da suka iya adana shi, wani mai babbar kujera ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Na ce ƙwaya ma ƙarama ce. Zan sake miƙewa a taro na gaba.

Da na je gaishe shi, na tambaye shi ko ya yi nadamar abin da ya jawo wa kansa. Ya ce akwai wata unguwa a ƙetaren rafi, gida tara, ruwa ya cika kafin ya kai gare su. Sun shuka mataccen irin, kaka ta zo ba su da abin girbi, gida huɗu suka tashi ba su dawo ba.

"Su nake tunawa, 'yata," ya ce. "Da na fara da su."

Mun gode, Malam, mu da ka kai gare mu. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma da za a miƙa wa makullan sito bayansa, ranar da aka tura muku takarda aka ce ku sa hannu, ku tuna akwai gidajen da zamansu ko tashinsu ke cikin buhun nan. Ku buɗe shi tukuna.