Ledar da Ke Jin Bugun Zuciya

A ƙofar wani kamfanin leda da ke Sharada na ga wata mata, tana zaune a bencin mai gadi tana jiran manaja. Ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Hijabinta ruwan toka ne, takalminta ya yi buɗu-buɗu, da alama tun daga bakin titi ta tako. A tafin hannunta akwai wata 'yar leda fara-fara, an jona ta da wayarta ta salula.

Mai gadin, wani dattijo, ya kasa haƙuri. "Malama, wannan fa?"

"Leda ce, Baba, amma in an danna ta tana ba da 'yar wutar lantarki. Garin tangaran nake cakuɗawa a ciki. In ya yi yawa ta tsage, in ya yi kaɗan ba ta jin komai. Injinsu nake roƙo su ara mini, ko za ta fito daidai."

Ta miƙa masa, ta ce ya ɗora a wuyan hannunsa. A fuskar wayar wani layi yana hawa yana sauka, yana bin bugun zuciyarsa.

Dattijon yana dariya, ita ko murmushi ba ta yi. Kallon layin take kamar mai sauraron muryar wani da ya yi nisa. Ban san wa ta rasa ba, uba ko miji, amma ina jin zuciyar mamacin ta daɗe tana ciwo ba wanda ya sani a gidan.

"Ku bar ta a hannunku tukuna, Baba," in ji ta a hankali. "Ina so in ƙara gani."