Bango Ma Yana Jin Ƙishirwa

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ne ya dawo mini da marigayi kakana, can Zanzibar, inda na je aikin sa kai na gyaran tsofaffin gidajen bakin teku. Sau uku ina yaɓe yana zubowa, har mai kula da mu ya ce gobe zan koma ɗaukar yashi.

Ina tsaye ina kallon bangon, sai na gan ni ina ƙarama a lungunmu na unguwar Nima da hantsi, ana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ga kakan nawa, tsohon magini, da ƙwarya a hannu, yana yayyafa wa bangon ɗakinsa ruwa a hankali kamar mai wanke jariri. Bangon yana tsotsewa, ƙamshin damina yana tashi.

"Amarya," haka yake tsokanata, "ba a ba bango abinci yana jin ƙishirwa. Shayar da shi tukuna."

Na ɗebo ruwa na shayar da bangon mutane. Yaɓen ya kama. Na waiwaya in nuna wa kakana, ba kowa sai teku.

Ya Allah, bai taɓa barin bango da ƙishirwa ba. Ka shayar da shi ruwan Alkausara.