Mai Askina da Wasannin Ƙanƙara

Tun ina ƙaramin malami mai aski ɗaya ke taɓa kaina. Ni na tsufa har na ajiye aikin hedimasta, shi kuma ya tsufa a bayan kujerar nan mai ƙara da ya gada daga ubangidansa. Mutum ne mai tsabta. Sai ya goge reza, ya hure bakin inji, sannan ya ɗaura maka mayafi kamar mai shirin tiyata. Aibinsa ɗaya: in abu ya shiga ransa, kowa sai ya ji a jikinsa.

Bana gasar wasannin ƙanƙara ta duniya ce ta shiga ransa. Mutumin da ko firji bai taɓa mallaka ba! Ni na san dusar ƙanƙara tun a makarantar mishan, a hoton littafin labarin ƙasa, kuma can na bar ta cikin mutunci. Shi kuwa ya kafe talabijin a bango yana kallonta ta madubi, inji na gurnani a bayan kunnena.

"Hedimasta, dubi ikon Allah! Wannan ta faɗi, wadda ta kayar da ita a gasa ce ta ɗaga ta. Ƙasashensu fa ba sa shiri. Duniya ta zama ɗaki ɗaya."

"Ɗaki ɗaya? Kai da telan da bango kawai ya raba ku, yaushe rabon ku gaisa?"

"Wannan daban ne."

Ba daban ba ne. Shekarun baya ya share gashi zuwa ƙofa, iska ta kwashe ta zuba a kan farin yadin da telan ya shimfiɗa. Aka yi cacar baki, shi ke nan gaisuwa ta mutu.

Ranar da nake ba da labari, da yamma zan yi jawabi a taron tsofaffin ɗalibaina. Na gaya masa tun ina shiga. Ya sauke gefen dama tas, yana ta yi mini bayanin wani wasa da ake tura dutse a kan ƙanƙara, manyan mutane na bin sa da tsintsiya. Sai aka ɗauke wuta. Inji ya yi shiru, talabijin ta yi baƙi.

Na dubi madubi. Rabin kaina fili, rabi daji.

"Wayyo, wasan ƙarshe ne fa!" in ji shi.

"Wasa? Kaina fa?"

"In kwashe shi duka da reza?"

"Ni da na hana yara shiga aji saboda askin banza, in tsaya gabansu kai na sheƙi? Ina injinka na hannu?"

"Ai tuni na jefar."

A layin gaba ɗaya tela ne kaɗai ke da janareta, ga ta nan tana kuka. Mai aski ya tsaya a ƙofa, ya dawo, ya gyara kwalaben da ba su karkace ba. Na roƙe shi don girman furfurata, bai motsa ba. Sai muka ji muryar mai sharhin wasan daga shagon tela. Ashe shi ma abin da yake kallo ke nan.

Ban taɓa ganin tsoho ya naɗe wayar injin aski da sauri haka ba. Ya ja ni da mayafi a wuya, muka ratsa baranda, wani mai shago a layin na dariya.

"Salamu alaikum, maƙwabci. A taimaka da wuta. Saboda Hedimasta."

Tela ya dubi kaina, ya ture farin yadi can nesa, ya nuna wa mai aski talabijin da almakashi. "Zauna ka ga yadda ake shara. Ka ga sun watsa wa wani?"

"Ai su ba iska a wurinsu, ɗan'uwa."

A kan kujerar keken ɗinki aka ƙarasa ni. Duk lokacin da dutse ya doshi tsakiyar da'irar da ake so ya tsaya a ciki sai inji ya tsaya, su biyun su miƙe suna ihu, wai suna goyon bayan wata ƙasa da ba wanda ya iya faɗin sunanta a cikinsu. Gefen hagu ya fito ya fi na dama tsawo. Na yi jawabina da hula har kunne, a zauren makarantar da a da nake cire wa yara hulunansu.

Yanzu suna gaisawa, har shayi suke sha tare. Askin da a da ake gamawa kafin in karanta shafin farko na jarida, yau sai in cinye ta duka, domin tela na zaune a benci, shi ma da nasa sharhin.