Bikin 'Yar Ladi

A gidanmu na unguwar Jigwada a Keffi akwai wani murhu a bayan ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, wanda ba a girkin gida a kansa. Nata ne ita kaɗai. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura rogo cikin toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo kusa da garwashi. Mu uku ne ba ma fashi: ni, da Binta 'yar baffana, da Ladi, wadda babanta malamin firamare ne daga Garaku, suna haya a gidan da ke jikin namu. Ladi Kirista ce, amma ta fi mu sanin lokacin da Iya ke shafa addu'a, don ta katanga take leƙenta.

A lokacin Keffi ba ta cika ba. Abuja kuwa a bakin direbobin tifa masu kai yashi muke jin labarinta.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Zabuwa da Kurciya. Aminai ne, har Zabuwa ta yi ƙaura zuwa hayin rafi. Wata shekara Kurciya ta kwanta ciwo. Zabuwa ta ce gobe za ta je dubiya, goben ta zama jibi, har zuwan ya koma abin kunya. Ana nan sai ga goron bikin 'yar Kurciya. Zabuwa ta ce bayan laifin da ta yi ba za ta je hannu rabbana ba, sai ta saƙa zane. Duk sanda ta gama, sai ta ga bai kai girman laifinta ba, ta ƙara saƙa ƙwaryar zane guda. Ranar da ta haye rafi da shi, amarya ce ta tarbe ta da goyo a baya.

A nan Iya takan sassauta murya ta zama Kurciya: "Zane ya yi kyau, ƙawata. Amma ranar nan tuwonki muka rufe har ya yi tsami. Ba wanda ya tambayi zane." Kunya ta sa Zabuwa ta lulluɓa da shi, shi ne mai ɗigo-ɗigon da take yawo da shi har yau.

Ladi ta taɓa tambaya, "Iya, to sun shirya?"

Iya ta juya rogonta ta ce, "Ban sani ba, 'yar malam. Nan aka ba ni ita, nan na ajiye."

Shekaru suka ja. Na samu aikin gwamnati a Abuja, Binta ta yi aure a Masaka, Ladi ta zama malama a Keffi kamar babanta. Shekara shida da suka wuce mijin Ladi ya rasu. Ina wajen wani kwas a lokacin, na tura mata saƙo a waya, na ce ina tafe. Ban je ba. Mako ya zama wata, daga baya ko lambarta na gani sai in ajiye wayar.

Wata Laraba Binta ta kira ni. "Ladi za ta aurar da 'yarta Saratu ran Asabar. Ta ce a gaya miki."

"Ita ta ce, ko ke kika ce?"

"Ke dai ki biyo ki ɗauke ni."

Ran Asabar na fito da sassafe, amma duk da haka cunkoson Mararaba ya riƙe ni. Binta ta shigo da kular masa a cinya, tana nuna mini gidajen bene a wuraren da muka sani gonakin doya ne. Ni kam rabin hankalina ne a wurin. Da muka doshi Keffi na rage gudu, na ce bari in tsaya kasuwa in ƙara wani abu a kan atamfar da na riƙo.

Binta ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Zabuwa, tuƙa mota."

Mun tarar an fara ɗaurin aure a coci, muka zauna a bencin baya da gyalenmu. Daga nan na hango Ladi a gaba, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Sai a gida muka haɗu, cikin tsoffin 'yan ajinmu da ke ta rungumar juna. Ta tsaya ta dube ni.

"Hauwa. Kin ci abinci?"

"A'a."

"To wanke hannu ki taya ni rabon shinkafa, ma ci daga baya."

Har la'asar ina zuba shinkafa tana ɗora nama. Sai da aka tafi da amarya, mutane suka ragu, muka zauna a bayan kicin da kwano ɗaya.

Na ce, "Ladi, rasuwar Baban Saratu..."

Ta ce, "Na jira ki. Kwana bakwai, duk motar da ta tsaya sai na ɗaga labule. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba."

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Ki yafe mini."

Ta turo mini tsokar da ke gabanta. "Na daɗe da yafewa. Faɗa miki ne ban samu yi ba, tunda ba ki zo ba."

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga masu nawa. Sai da na girma na gane kunya take nufi, irin wadda mutum ke zaton ladabi ce, alhali kansa yake kallo. Shekara shida ina auna laifina, ita kuwa ƙofa take kallo.

A gidanta na kwana. Da safe za ta coci, ta miƙo mini mabuɗi.

"In za ki tafi, ki sa shi ƙarƙashin turmi. In kuma kin jira ni, zan dama mana kunun gyaɗa."

Na jira ta.