Rijiyar Kakanmu da Madogara Uku

Ina aji uku na ƙaramar sakandare lokacin da malaminmu na ilimin zaman jama'a ya je bita Katsina. Ya dawo da jaka mai zip da sababbin kalmomi biyu: madogara da matsaya. Har zangon ya ƙare ba mu huta da su ba. Ko fitsari kika nemi izinin zuwa, sai kin ji kamar zai ce ki kawo madogara.

Ya ce kowa ya rubuta bincike kan wani abu na garinsu. A jimlar farko a faɗi matsaya, wato abin da aka yarda shi ne gaskiya, sannan a kawo madogara uku da suka tabbatar da ita. Ni na zaɓi tsohuwar rijiyar da ke tsakiyar ƙauyenmu, can gefen Wagini, don na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Tambayata ɗaya: wa ya gina ta?

Na fara da kakata. Tana ɓarar wake ta ce, "Surukina ya gina ta, mahaifin kakanku. Wannan kuma har sai an tambaya?"

Na tafi wajen wan liman, wani tsoho da gaisuwarsa kaɗai ke cin rabin hantsi. Bayan ya tambayi lafiyar kowa a gidanmu har da jakinmu, ya ce kakansa ne, kuma da addu'a aka gano wurin. Mai unguwa kuwa dariya ya yi. "Yarinya, wa ke gina rijiya a gari in ba gidan sarauta ba?"

Sai na rubuta cewa matsayata ita ce babu wanda ya san mai rijiyar, na jera tsofaffin nan uku a ƙasa. Malam ya karanta, ya riƙe takardar da yatsu biyu.

"Wannan ba matsaya ba ce, ragwanci ne. Kuma ina madogarar? Hirar bakin masallaci? Ki kawo mini abu rubutacce."

Ranar kasuwar Batsari yayana ya ɗauke ni a babur zuwa shagon mai kwamfuta. Mutumin ya buga sunan ƙauyenmu, ya yi ta ja ƙasa, can sai ga dogon rubutu a Fesbuk kan tarihin rijiyar. Wai mahaifin kakanmu ne ya gina ta shi kaɗai a rani guda, kura na zagaye shi. A saman rubutun ga hoton marubucin da baƙin tabarau, ya jingina da motar da ba tasa ba. Kawuna ne, autan kakata, wanda ke sayar da takalma a Kano kuma bai taɓa jan guga a rijiyar nan ba. Wasu abokansa biyu sun kwafe rubutun sun liƙa a nasu shafukan. Mai kwamfuta ya fitar mini da duka ukun.

Da na kai wa malam, ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "Malam, kawuna ne ya rubuta, a bakin kakata ya ji, kurar ma ƙari ce."

Bai ko ɗago kai ba. Yana shafa takardun ya ce, "Ba ki ga an buga su ba? Ga madogara uku sun zo daidai da juna. Yanzu kika fara bincike."

Ni na zo ta ɗaya. Ranar da iyaye suka taru don rabon sakamako, malam ya miƙe ya karanta rubutuna a lasifika, kura da komai. Mai unguwa na zaune a sahun gaba. Ban taɓa ganin mutum yana tafawa da fuska a murtuke irin wannan ba.

Bayan la'asar mai unguwa ya aiko wakilai biyu wajen kakata su ji inda ta samo zancen. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Ni me na sani? Yana cikin kwamfuta. Ku je ku yi gardama da ita." Da suka fita na tambaye ta ko da gaske surukinta ne. Ta ce ita dai da aka kawo ta gidan ta tarar da rijiyar har ta yi gansakuka, amma ai dole wani ya gina ta, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa gidan liman ba.

Da rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, lokacin yasar rijiya ya zo. A da duk gari ke fitowa. A wannan shekarar mai unguwa ya sa aka yi shela cewa tunda bincike ya gano magada, magada su yashe kayansu. Gidan liman suka ce sun goyi bayan ilimi.

Babana da yayana suka wuni a ciki, mutane na zaune a inuwa suna yi musu sannu da aiki. Da Baba ya fito, laka har gemu, ya nufo inda nake.

"In malaminku ya sake ba ku irin wannan aikin," ya ce, "ki rubuta a kan garin wasu."