'Ya'ya Huɗu a Fayil ɗin Hammawa

Hammawa mutumin Beli ne ta ƙasar Rogo, Bafulatanin da aikin gwamnati ya iske a bakin garke. A shekarar 1983, lokacin da cutar bushiya ta yi wa shanu ɓarna, malaman dabbobi suka zo allura. Suka ga yadda yake kama bijimi ta hanci da ƙaho ya tsayar da shi cak, sai suka ɗauke shi lebura. Bai yi boko ba. Ƙarshen wata yakan dangwala yatsa, ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya soke a lalita.

Bijimi bai taɓa ba shi tsoro ba. Takarda ce abin tsoronsa, musamman wadda aka ambaci haraji a cikinta. Yana yaro ya ga an ɗaure mahaifinsa a gindin tsamiya, wuni guda, don ya ɓoye shanu biyar ranar ƙidayar jangali. Tun daga nan ya riƙe cewa hukuma tana iya yafe komai, ban da ƙarya a ƙidaya.

Da ya kama aiki, akawu ya yi masa bayanin cewa a cikin albashi ake cire haraji kafin kuɗi su zo hannu, kuma ana sassauta wa mai iyali a kan kowane ɗa, har huɗu. Sai ya ɗauki biro ya ce ya faɗi sunayen 'ya'yansa.

Nan matsala ta taso wa Hammawa. 'Yarsa ta fari ce a gaba, kuma Bafulatani ba ya kama sunan ɗan fari. Ga shi sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Ruƙayyatu, kunya ta zama biyu. Ranar Talata aka haife ta, ta dace da Babbar Salla, don haka dangin uba ke ce mata Talatu, dangin uwa Tasalla. Ya dubi ƙasa ya ce, "Talatu. Sai Sulle."

Bayan shekara uku aka haifa masa Barira, ya je a ƙara ta. Wani sabon akawu ya tarar, wanda ya ce ya lissafo yaran daga farko. Wannan karon Tasalla ce ta zo bakinsa. Akawu ya haɗa da na tsohon fom ya karanto: Talatu, Tasalla, Sulle, Barira. Hammawa ya ji sarai. Amma gyara na nufin ya zauna yana zancen 'yar fari da baƙo, ofis cike da mutane. Ya sunkuyar da kai, ya dangwala.

Shekara huɗu ba wanda ya tanka. A 1990 aka kafa kwamitin tantance ma'aikata a Ƙaraye, aka ce kowa ya kawo shaidar 'ya'yan da ke fayil ɗinsa. Hedimastan Beli ya rubuta masa takardar shaidar 'ya'yansa da ke makaranta, Hammawa ya haɗa da katin asibitin Barira, ya hau keke ya kai wa Malam Mijinyawa, kashiyan da ke biyansu, don ya duba masa tukuna.

Mijinyawa ya karanta, ya zare tabarau.

"Ɗan Fulani, 'ya'yanka nawa?"

"Uku, Malam."

"Fayil ya ce huɗu. Takardar hedimasta kuma ta kawo wata Ruƙayyatu da ba ta cikin fayil, biyar ke nan. Talatu da Tasalla fa, ka kai su kiwo ne?"

"Duk ita ce."

"Ita wa?"

"Ta gida... babbar."

Mijinyawa ya yi dariya har da dukan tebur, sannan ya daina. Ya jawo takarda ya buga lissafi. Sassaucin ɗa guda a albashi irin na Hammawa bai wuce naira ɗaya da rabi a wata ba, na shekara huɗu ya kama naira saba'in da biyu.

"Kuɗin ba su ne abin ji ba," in ji shi. "Jiya an sallami direba a kan 'ya'yan ƙarya, har da batun 'yan sanda. Ranar Alhamis ka buɗe baki ka yi musu bayani, ka ji ko?"

Kwana uku Hammawa bai ci abin kirki ba. Yana cikin kama saniya a ƙauyen Kurugu ya ji ƙarar mota, ya zaci 'yan sanda ne, ya sake ta, ta kusa take malamin allura. Albashin nan shi ke sayen gero idan rumbu ya yi ƙasa, kuma garken gidansu bushiya ta riga ta cinye. Matarsa Zaituna ta ce ya tafi da yarinyar su gan ta da idonsu. Ya ce ko kusa, ba zai jera da ita a titin Ƙaraye ba.

Ranar Alhamis ya shiga gaban mutum uku. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Shugaban kwamitin, wani dattijo daga Kano, bai amsa da tsawo ba.

"Ina Talatu?"

"Tana gida, ranka ya daɗe."

"Tasalla fa?"

"Ita ce dai."

"Malam, mutum arba'in ke jira a waje. Idan ita ce, 'yarka ce, ka san sunanta na yanka. Faɗa mana. In ya yi daidai da na takardar nan, mun yarda. In ka kasa, na rubuta abin da na gani."

Ya cire murfin jan biro. Hammawa ya dubi biron, ya tuna igiyar da aka ɗaure mahaifinsa da ita. Mijinyawa na gefe riƙe da fayil, yana ta yi masa alama da gira.

Hammawa ya juya fuskarsa ga bango, ya kare baki da hannun riga.

"Ruƙayyatu."

"Ba mu ji ba."

Ya sake faɗa, da ƙarfi, har na bakin ƙofa suka ji. Shekararta goma sha uku, ranar ce ta farko da sunan ya fita daga bakinsa.

Dattijon ya duba takardar hedimasta. Sannan ya soke sunaye biyu, ya rubuta ɗaya, ya ce a riƙa cire naira shida duk wata har shekara. Hammawa ya fita ya kai bakin titi kafin ya lura ba takalmi a ƙafarsa.

Ya ci gaba da kama shanu har ya yi ritaya a 1998. Mijinyawa ya ce tun daga ranar, duk takardar da aka miƙa wa Hammawa sai an karanta masa sau biyu kafin ya dangwala. A gida kuwa bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Ranar kwamitin, da ya isa Beli da la'asar, yarinyar ce ta tare shi da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa."

Ya kau da kai, ya jingine kekensa.

"Ke, ajiye a nan."