Ranar da Ƙaton Tsibiri Ya Yarda Ya Faɗi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da muka kara da 'yan Yamai a Maraɗi ba. Lokacin ƙungiyarmu ta rugubi, ƙwallon nan da ake runguma a ruga da ita, shekararta biyu, daga 'yan kabu-kabu irina sai manoman Jiratawa, wani malamin wasanni, mushe muke ce masa, yana koya mana. Ba mu taɓa cin wasa ba, ko a mafarki. Alhajin da ya ara mana fili ya gaji da mu, ya ce in muka sake shan kashi sito zai gina a wurin.

Sai mushe ya ɗauko mana wani ɗan kokawa daga garin Tsibiri, ƙato, shekara bakwai ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fage ba. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Abin da muka manta, a wasanmu sai ka dangwala ƙwallo a ƙasa bayan layi kake samun maki. A kokawa kuwa, hannunka ya taɓa ƙasa an kada ka ke nan.

Saura minti biyu, suna gabanmu da maki biyu, na miƙa masa ƙwallo. Ya tafi da mutum uku rataye a jikinsa har ya ƙetare layi. Sai ya tsaya ƙyam!

Na ce, “Duƙa mana! Sa ta ƙasa!”

Ya ce, “Ni? Gaban mutanen Tsibiri? Ga kawuna can zaune!”

Wallahi ji na yi kamar in cije shi. 'Yan Yamai sun fara tura shi baya, ni kuwa har na hango buhunan alhaji jibge inda muke atisaye. Sai kawun nan, tsohon da ya koya masa kokawa, ya miƙe da sandarsa ya daka tsawa: “Kai ɗan nan, faɗi! Ni na ce ka faɗi!”

Ƙaton ya faɗi rub da ciki, ƙwallo a ƙirjinsa. Maki biyar ke nan, muka ci wasa.

Ya tashi yana hawaye, ban sani ba na murna ne ko na kunya. Mu shida muka yi ƙoƙarin ɗaga shi, muka kasa, muka zube tare muna dariya. Alhaji ya bar mana filin, yanzu 'ya'yanmu ke gudu a kai.

Tun ranar na gane, ƙarfin tsayawa kowane ƙato yana da shi. Wanda zai ajiye sunansa a ƙasa don 'yan'uwansa, shi ne da wuyar samu.